Sauya kalifar birki a tsohon babur, daga gano ciwo zuwa gwaji a titi

Wata ranar Laraba da azahar ina dawowa daga unguwa a kan tsohon babur ɗina, sai na ji ya yi nauyi kamar na goya buhun siminti biyu. Na ƙara murɗa wuta, ƙarar inji ta ƙaru, gudu kuwa yana nan yadda yake. Can sai ƙauri ya bugi hancina. Da na sauka na duba, faifan birkin gaba har ya soma yin shuɗi-shuɗi. Na tofa masa yawu, ya yi cuwii ya bushe nan take. Na kama kan babur zan tura, tayar gaba ta ce ba inda za ta. Sai da na zauna a rumfar wani mai rake kusan rabin awa, ƙarfen ya huce, sannan ta saki.

Abin da ya riƙe tayar nan ita ce kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da faifai kamar muƙamuƙi. A cikinta akwai fistin, wato ɗan zagayayyen ƙarfen da mai ke turowa waje, ɗaya ko biyu ko fiye. Idan ka matsa hannun birki, masta, wato ɗan famfon da ke kan sitiyari, ya turo mai ta tiyo, man ya turo fistin, fistin ya matse fad biyu, wato takalman birkin da ke gogar faifai, a jikin faifai. Tun 1969 da Honda ta fito da CB750 mai birkin faifai a gaba, tsarin bai sauya sosai ba. Shi ne a gaban Suzuki GN125 da aka soma ƙerawa a 1982, shi ne a Pulsar, shi ne a roba-roba masu faifai. Idan naka irin Boxer ne mai durom gaba da baya, ba ka da kalifa, amma akwai 'yar magana taka a can ƙasa.

Ka fara tabbatarwa kalifar ce

Mutane da yawa suna sayen sabuwar kalifa alhali tsohuwar lafiyarta ƙalau. Gwajin bai fi minti biyar ba. Ɗora babur a kan babban sitan, wani ya danne baya ko ka tokare ƙasan inji da katako har tayar gaba ta bar ƙasa. Matsa hannun birki da ƙarfi sau biyar ko shida, ka saki, ka juya taya da hannu. Ɗan sautin gogar fad ba komai ba ne. Idan kuwa ta cije, ɗauko sifana lamba 8 ka ɗan kwance nifil, wato ɗan notin fitar da iska da ke saman kalifa. In mai ya tsarto, taya kuma ta saki nan take, to kalifa ba ta da laifi. Mai ne ya kasa komawa sama. Ko dai ɗan ramin komawar mai da ke ƙasan tulun masta ya toshe, rami ne da bai fi bakin allura ba, ko kuma tiyo ya ruɓe ta ciki yana barin mai ya sauka amma ba ya barin ya koma. In ka kwance nifil taya ta ci gaba da cijewa, to ciwon yana cikin kalifa.

A nan ma kashi biyu ne. Yawancin ƙananan babura kalifarsu mai zamewa ce: fistin yana gefe ɗaya, jikin kalifar kuma yana zamewa a kan sanduna biyu don ya janyo ɗaya fad ɗin. Duba fad ɗinka. In ɗaya ya cinye ƙurmus ɗaya yana da sauran nama, ko sun ci a karkace, sandunan nan ne suka bushe. Wanki da giris ya ishe su. In kuwa fistin ne ya ƙi komawa, ko ka ga danshin mai a bayan fad, sai an buɗe an gani.

Abin da ke kashe tsohuwar kalifa ruwa ne da ƙura. Man birki yana shan danshin iska da kansa, ga ƙurar hunturu, ga kududdufan damina, ga masu wankin babur da ke saita bakin famfo daidai kan kalifa. Wani farin gari yakan taru a kwarmin da robar fistin ke zaune, ya turo robar waje, ita kuma ta shaƙe fistin. Wannan robar ba don tsare mai kaɗai aka sa ta ba, ita ce ke ɗan janyo fistin baya idan ka saki birki. In ka ciro fistin ka same shi sumul, ka kankare kwarmin da tsinken katako, ka sa sababbin robobi, an gama. Amma in tsatsa ta yi masa ƙananan ramuka a inda roba ke gogawa, ko nifil ya karye a ciki, ko haƙorin da notin tiyo ke shiga ya cinye, ko jikin ya tsage, kada ka wahalar da kanka. Tawa da muka buɗe, fistin ɗin kamar zanzana ta ci shi. Bakaniken ya ɗaga shi a rana ya ce, "Malam, wannan ko an goge shi da samfefa, sati biyu zai dawo da kai nan."

A kasuwa

Kada ka je da sunan babur kawai a bakinka. Cire tsohuwar, ƙulle ta a leda, ka tafi da ita. Ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko layin 'yan kayan babur na garinku, ɗora tsohuwar kusa da wadda aka miƙo maka ka auna da idonka da kuma ruler ko awon bakanike. Tazarar ramukan ɗauri biyu, daga tsakiya zuwa tsakiya, dole ta zo daidai, ba kusan daidai ba. Duba ko ta dama ce ko ta hagu. Hanyar ganewa ita ce in an ɗora ta a mazauninta, nifil ya kasance a sama. Kalifar da nifil ɗinta ya kalli ƙasa ba za ka taɓa fitar da iskarta duka ba, domin iska sama take hawa.

Sai haƙorin notin tiyo, inda mutane ke yawan yin asara. Notin kauri ɗaya ne, milimita 10, amma haƙorin iri biyu ne, ana gane su da tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori a milimita. Kayan Japan irin su Nissin da Tokico yawanci 1.25 ne, na Brembo da yawancin kayan Turai 1.0. Notin da ba na wurin ba zai shiga zagaye ɗaya ko biyu sannan ya cije, mai gaggawa ya sa sifana ya tilasta shi, ya cinye haƙorin sabuwar kalifa tun ba ta ga titi ba. Tafi da tsohon notinka ka gwada shi da yatsu a gaban mai kaya.

Tsakanin sabuwa mai araha da ta kwatano ta asali, ni nakan zaɓi ta kwatano in fistin ɗinta yana komawa da matsin babban yatsa biyu, nifil ɗinta kuma yana kwancewa, sannan in sa mata sababbin robobi. Ka yi hattara da masu jan fenti ko ruwan gwal da aka rubuta wa babban suna a jiki ana sayarwa kuɗin cefane. Jabu ne. Kamfanin Brembo yana da kayan da yake yi wa ƙananan babura da sunan ByBre, za ka gan su a baburan Indiya da yawa, kuma ba su da wani ado. Tun kana wurin ka haɗa da washar tagulla sababbi, biyu a kowane bakin tiyo, da sabon fad, da man birki a gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba.

In babba kake so

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ake yaudarar kai. Samari suna ganin in aka cire mai fistin ɗaya aka sa mai biyu ko huɗu, birki ya ƙaru ke nan. Kalifa ba ita kaɗai take aiki ba, aure ne tsakaninta da masta, kuma akwai lissafin da za ka iya yi a waya.

Girman fistin ɗin masta yakan kasance a rubuce a jikin mastan ta ƙasa: 11, ko 1/2 wato milimita 12.7, ko 14. Auna faɗin fistin ɗin kalifa, ka ninka lambar da kanta, in biyu ne ka haɗa su. In kalifar mai fistin a ɓangarori biyu ce, ƙirga na gefe ɗaya kawai. Sai ka raba da lambar masta da aka ninka da kanta. Misali, tsohuwar kalifarka fistin ɗaya ce mai milimita 32, masta kuma 12.7. To 32 sau 32 ya ba ka 1024, 12.7 sau 12.7 ya ba ka 161, in ka raba ka sami kusan 6.4. Wannan ita ce lambar da masu ƙera babur ɗin suka zaɓa masa. Yanzu ka ɗauko mai fistin biyu na milimita 27: 729 sau biyu, 1458, raba da 161, ka sami 9. Ma'anarsa ƙarfin matsi ya ƙaru sosai, amma mastan nan sai ya turo mai mai yawa kafin fad ya kama, don haka hannun birki zai yi laushi, ya tafi da nisa, wataƙila har ya taɓa yatsunka a jikin sitiyari. Da za ka haɗa ta da masta 14, lambar ta sauko 7.4, ka sami ƙarin kamu ba tare da hannu ya nutse ba. Akasin haka ma yana faruwa: babban masta a kan ƙaramar kalifa yana ba ka hannu mai tauri kamar itace, kana matsawa babur yana tafiya. Ka tsaya kusa da lambar asali, ko sama da ita kaɗan.

Bayan lissafi sai mazauni. Kalifar wani babur da wuya ta hau ƙafar shokarka kai tsaye, sai an yanka mata birakit, wato ƙarfen da zai haɗa ta da shoka. A yi shi da farantin ƙarfe mai kauri, guda ɗaya, ba guntaye da aka haɗa da walda ba, a wurin mai injin yankan ƙarfe da ke aiki da awo. Idan an ɗora, faifai ya ratsa tsakiyar kalifa daidai, fad kuma ya kwanta gaba ɗaya a kan inda ake gogawa, kada leɓensa ya leƙo sama da bakin faifai. In tayarka mai sifok ce, duba bayan kalifar. Masu fistin huɗu suna da ƙiba ta ciki, sukan taɓa sifok.

Ra'ayina dai, a babur mai cc 125 ko 150, kalifar asali mai lafiya da fad mai kyau da sabon tiyo sun fi babbar kalifa da aka ɗora da ka. Suzuki da Yamaha suna cewa a littattafansu a sauya tiyon birki duk shekara 4, mu kuwa sai ka ga tiyo ya shekara ashirin yana kumbura kamar hanji duk lokacin da aka matsa. Sa tiyo mai saƙar waya a jiki, za ka ji bambancin tun a matsi na farko. Kuma siririyar tayar gaba da ta sha titi ba ta iya ɗaukar birkin babban babur, kullewa za ta yi ta kwashe ka, musamman a kan yashin gefen kwalta.

Masu durom da ke son komawa faifai: aikin ya wuce sayen kalifa. Sai ka sauya ƙafar shoka mai kunnuwan ɗauri, da cibiyar taya mai mazaunin faifai, da masta, da tiyo, wani lokaci har da shaf. Wanda ya ce zai yi maka waldar kunne a jikin shokar da kake da ita, ka gode masa ka tura babur ɗinka gaba.

Cire tsohuwa

Tanadi sifana 8, 12 da 14, alanki, sukundireba mai kyan baki, sirinji babba, guntun tiyon ƙarin ruwa daga kemis, kwalbar roba, tsummoki masu tsabta, sifirit, da giris na roba ko na silikon. Giris ɗin da ake sa wa boris ba ya shiga wannan aiki, kumbura roba yake yi. Haka fetur da kalanzir da baƙin mai, kada su kusanci robobin birki.

Rufe tanki da kan fitila da jiƙaƙƙen tsumma, don man birki yana cin fenti. Juya sitiyari har tulun masta ya daidaita, ka kwance sukurorin murfin. Sukurorin nan biyu suna da saurin lalacewa, don haka danna sukundireba da ƙarfi, ka ɗan buge ta da guduma kafin ka murɗa. Zuƙe tsohon man da sirinji. In ya koma kalar shayi ba madara, ka san ya daɗe da mutuwa.

Tun kalifa tana ɗaure a jikin shoka ka sassauta duk abin da ke da tauri: notin tiyo da fin ɗin da ke riƙe fad. In ta sauko hannunka ba ka da abin da zai riƙe maka ita. Wanda ke da niyyar gyara tsohuwar ya ajiye, ya cire fad ya yi ta matsa hannun birki har fistin ya kusa faɗowa tun kafin ya zuƙe mai ko ya sassauta notin tiyo, in ba haka ba fitar da shi sai an sha wuya. Cire notin tiyo, ka sa bakin tiyon a leda ka ɗaure, sannan ka kwance notuna biyu na ɗauri ka zare kalifa.

Ga faifai a fili, duba shi. A jikinsa akwai rubutu MIN TH da lamba, wato iyakar sirantar da aka yarda ya kai. In ya kai nan, ko farcenka yana maƙalewa a kwarmin da ya yi, ko yana rawa in taya na juyawa, sabuwar kalifa ba za ta gyara shi ba. In lafiya yake, goge shi da sifirit ciki da waje har tsumma ya daina yin baƙi.

Ɗora sabuwa

Zare birakit ɗin da kalifar ta zo da shi, wanda take zamewa a kansa, daga jikinta, ka shafa wa sandunan giris na roba kaɗan, ka mayar, ka tabbata robobin da ke rufe su sun zauna a kwarminsu. Ja ka tura da hannu, ya riƙa tafiya ba gardama. Sa farantin sifirin da ke danne fad yadda ka same shi, sannan fad, naman yana kallon faifai. Kada ka yi dariya, an sha sa shi a juye. Kada maiƙon hannunka ya taɓa fuskar fad.

Zura kalifa a kan faifai, ka ɗaura notuna da yatsu har ƙarshe kafin sifana ta taɓa su. A ƙananan babura ƙarfin ɗaurinsu yakan kama daga 25 zuwa 40 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti, gwargwadon abin da littafin babur ɗinka ya ce. In akwai sifana mai awo a garejin da ke kusa, aro ta. Notin tiyo kuma jerinsa haka yake: washa, bakin tiyo, washa, sannan kalifa. Nasa ɗaurin tsakanin 23 ne da 35 Nm. Riƙe bakin tiyon kada ya juya tare da noti, akwai ɗan tudu a jikin kalifa da aka yi don ya tokare shi. Juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, ka danna shoka, ka ga tiyo bai miƙe tsam ba kuma bai goga taya ba. Tsohuwar washa ta riga ta lotse, in ka mayar da ita za ta yi gumi.

Mai da fitar da iska

Murfin masta yana faɗa maka irin man da za ka zuba, DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma in sun sha ruwa sai su sauko wajen 140 da 155. Shi ya sa ake sauya shi duk shekara 2. Ana iya zuba DOT 4 a inda aka ce DOT 3. DOT 5 kuwa, mai kalar shunayya, silikon ne, ba ya gauraya da su ko kaɗan, kada yawan lambar ya ruɗe ka. Man da ake sayarwa a tsiyaye cikin buɗaɗɗiyar kwalba a bakin titi ya riga ya sha iska, ba kuma ka san abin da ke ciki ba.

Sabuwar kalifa da busasshen tiyo cike suke da iska, kuma ƙaramin masta yana wahala kafin ya tura ta ƙasa. Hanyar da ta fi mini sauƙi ita ce turo mai daga ƙasa. Jiƙa bakin tiyon ƙarin ruwa a ruwan zafi ya yi laushi, ka cusa shi a kan nifil. Cika sirinji da mai, ka kore iskar cikinta, ka haɗa. Kwance nifil rabin zagaye ka riƙa turawa a hankali, kana kallon tulun masta. Za ka ga kumfa na ɓullowa, sannan mai ya biyo. Kada ka bari ya tumbatsa. In kumfa ta ɗauke, rufe nifil kafin ka zare sirinji.

Daga nan ka ƙarasa da hanyar da aka saba. Bakin tiyon ya nutse cikin ɗan mai a kwalba. Yaro ya matsa hannun birki sau uku a hankali ya riƙe, kai ka buɗe nifil, hannun ya nutse, ka rufe, sannan ya saki. Ku daidaita baki, "riƙe", "na riƙe", "saki", domin in ya saki nifil na buɗe, iska ta koma. Duk bayan zagaye uku ko huɗu ka leƙa tulu ka ƙara mai. In ya ƙafe, kun koma farko. Ku ci gaba har man da ke fita ya zama garau ba ƙwayar kumfa. Ɗaurin nifil kaɗan ne, 6 zuwa 8 Nm, da yatsu biyu a kan sifana. Ƙarfin tuwo ne ke karya shi.

In har yanzu hannu yana da laushi kamar soso, iska ta maƙale a sama wajen notin tiyon masta. Karkata sitiyari yadda tulu zai zama shi ne mafi tsayi, ka ƙwanƙwasa tiyo da kalifa da ƙotar sukundireba, ka riƙa ɗan taɓa hannun birki kaɗan-kaɗan, za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa daga ramin ƙasan tulu. Wasu kan ɗaure hannun da robar tsohon tib su bar shi ya kwana, da safe su saki. Yana taimakawa. Cika mai zuwa layin sama kawai, kada ka wuce, domin in ya yi zafi yana buƙatar wurin faɗaɗa, in bai samu ba sai ya matse fad da kansa. Mayar da robar murfi a lanƙwashe yadda take, ka ɗaure, ka wanke duk inda mai ya zuba da ruwa.

Kafin ka hau

Matsa hannun da iyakar ƙarfinka ka riƙe rabin minti. Kada ya riƙa nutsewa. Bi bakin tiyo sama da ƙasa da nifil da busasshen yatsa, ko danshi kada ka ji. Juya taya, ta yi zagaye da kanta. Duba fitilar birki tana kamawa. Tura babur da ƙafa ka kama birki sau biyu ko uku kafin ka tayar da inji.

Sabon fad ba ya kamawa sosai sai ya saba da faifai. Nemi layin da ba mutane ba yashi, ka kai gudun kilomita 40 zuwa 50, ka rage zuwa kamar tafiyar ƙafa da birkin gaba ba tare da ka tsaya cak ba, ka maimaita sau goma, sannan ka yi 'yar tafiya iska ta sanyaya shi. Bayan nan yi kilomita biyu da birkin baya kaɗai, ka sauka ka kai bayan hannunka kusa da faifai. In da sanyi ko ɗumi kaɗan, kalifa tana saki yadda ya kamata. In yana huci, wani abu yana riƙewa, koma kan sanduna da yawan man tulu da ramin masta. Kilomita ɗari na farko ka bar tazara tsakaninka da na gabanka, ka kuma guji goyo mai nauyi. Bayan kwana biyu ka sake bin notunan ɗauri da sifana, ka leƙa layin mai, ka shafa ƙasan notin tiyo ka ga ko yatsanka ya fito a bushe.